FILIN AIKIN OFIS: Wasiƙa Ɗaya, Sunaye Dubu

Tambayar da za mu duba a makon nan ta fito ne daga Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, daga wurin wani akawu da ke aiki a wata makarantar sakandare. Bai so a ambaci sunansa ba, mu ma ba mu ga amfanin ambatarsa ba, domin abin da ya dame shi ya dami akawuna da yawa tun daga Sakkwato har Maiduguri. An ɗora masa aikin buga takardun gayyata zuwa ga iyayen yara, da takardun shaidar gama makaranta, ko wace da sunan mai ita, alhali kuwa shi kaɗai ne a ofishin. Ya ji labarin wai akwai wata dabara a cikin manhajar Word wadda ke ɗauko sunaye da kanta ta zuba su a cikin wasiƙa. Ya tafi shagon buga takardu aka yi masa, ya biya, amma da ya koma ya duba sai ya tarar lambobin waya duk sun rasa sifirinsu na farko, ranar taro ta juye, sunan wata yarinya kuma ya fito da alamar tambaya a tsakiyarsa. Shi ne ya ke neman a nuna masa inda zai sami taimako.

Dabarar dai gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Turawa suna ce da ita mel maj, mu kuwa a filin nan za mu riƙa ce mata haɗin wasiƙa. Ma'anarta ita ce, mutum ya rubuta wasiƙa guda ɗaya tak, ya bar gurabe a wuraren da za su riƙa sakewa, watau suna, da adireshi, da lamba, da sauransu. Sa'an nan ya tanadi jerin mutanen da za a aika wa, ya ce wa kwamfuta ta aurar da wannan da wancan. In mutum ɗari biyar ne a jerin, wasiƙa ɗari biyar za su fito kafin shayin da ke kan tebur ya huce. Amma abin da na ke so mai tambaya da sauran masu karatu su riƙe shi ne, taimakon da ya ke nema ba a wajen maɓallan Word ya ke ba. Maɓallan nan yaro zai koye su cikin rabin sa'a. Aikin duka yana cikin jerin sunayen, kuma can ne kusan ko wace ɓarna ke fitowa.

Waɗanda suka yi aikin ofis a zamanin tafireta za su fi saurin gane abin da na ke nufi. A da, in za a aika da takarda iri ɗaya ga mutane da yawa, sai a buga ta a kan sitansil, a gyara kuskure da jan ruwan nan mai ƙarfin wari, a ɗora a kan injin gurza na Gestetner, masinja ya yi ta juya hannu har kafaɗarsa ta ƙage. Inda suna zai shiga sai a bar ɗige-ɗige, akawu ya zauna ya cika su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami ko da tafireta. Aikin yana da wahala, yana cin kwanaki, amma yana da wani amfani da ba a lura da shi ba sai da ya tafi: ko wane suna sai ya bi ta idon mutum. In akawu ya ga an rubuta wani abu da bai yi kama da sunan ɗan Adam ba, ya kan tsaya ya tambaya. Kamfanin IBM ya fito da wata tafireta mai ajiye rubutu a kan tef a 1964, wadda ke iya maimaita wasiƙa da kanta. Wajen 1980 manhajar WordStar ta zo da haɗin wasiƙa a kan ƙananan kwamfutoci, Word kuma ta fito a 1983. Tun daga nan wahalar ta ragu ƙwarai, amma idon nan da ke bin suna ɗaya bayan ɗaya shi ma ya tafi tare da wahalar. Na'ura ba ta mamaki. In ka ba ta shirme za ta buga maka shi sau ɗari biyar, da kyakkyawan rubutu, a kan takarda mai tambarin ofis.

Ba banza ba tambayar nan ta fito daga Jalingo. Garin ya zama hedkwatar jiha ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba tsohuwar Jihar Gongola biyu, aka sami Adamawa da Taraba. Tun daga ranar nan takardun da a da a ke bugawa a Yola suka koma a kan teburorin Jalingo: takardun ɗaukar aiki, da na ƙarin girma, da na sauyin wurin aiki, da na fansho, na ƙananan hukumomi goma sha shida, tun daga Karim Lamido da Lau a arewa har Takum da Ussa da Sardauna a kudu. A 2008 aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a garin, ta zo da nata takardun shiga makaranta da na sakamako. A 2023 kuma Gwamna Agbu Kefas ya ba da sanarwar ilmi kyauta a makarantun firamare da sakandare na gwamnatin jihar, ko wane yaro da ya shiga aji kuwa suna ne da za a rubuta a rajista, a kuma buga a kan takarda wata rana. Shi ya sa in ka bi titin Hammaruwa ko titin Barde ba za ka rasa shagunan buga takardu ba, janareto na ƙugi a ƙofa, mutane na tsaye da fayil a hammata.

To, ga yadda a ke yin abin a taƙaice. Jerin sunaye ya fi kyau a yi shi a cikin Excel, watau manhajar jadawali. Layin farko na sama shi ne na kanun bayanai: Suna, Sunan Uba, Unguwa, Lambar Waya, da makamantansu, ko wane a gidansa. Daga nan ko wane mutum ya sami layinsa ɗaya na kwance. A ajiye fayil ɗin, a rufe shi. Sa'an nan a buɗe Word a rubuta wasiƙar. A saman allo, tun daga Word ta 2007 zuwa yau, akwai wurin da aka rubuta Mailings. A ƙarƙashinsa a latsa Select Recipients a nuna wa Word fayil ɗin jadawalin. A kai alamar rubutu inda a ke so suna ya fito, a latsa Insert Merge Field, a zaɓi Suna, haka nan sauran gurabe. Preview Results zai nuna yadda wasiƙar mutum na farko za ta kasance, Finish & Merge kuma shi ne ke fitar da su duka. Wanda ya rikice, a ƙarƙashin Start Mail Merge akwai jagora da zai bi da shi mataki shida har ƙarshe. Wanda ba shi da Word, manhajar LibreOffice kyauta ce, kuma tana yin wannan aiki. Iyakar abin ke nan. Saura magana a kan jeri.

Kuskure na farko da akawunanmu ke yi daga son ado ya ke fitowa. Mutum ya saba da rajistar takarda, saboda haka sai ya haɗe gidajen sama ya rubuta sunan makaranta da manyan baƙaƙe, ya bar layi biyu fanko, sa'an nan ya fara kanun bayanai. Ita kuwa Word layin farko ta ke ɗauka a matsayin kanu, ko mene ne a cikinsa. Jerin da za a yi haɗin wasiƙa da shi ba na kallo ba ne. Ba a haɗe gidaje, ba a barin layi fanko, ba a cusa suna da lambar waya a gida ɗaya. A raba sunan mutum da na ubansa, domin abin da aka raba a iya haɗa shi a cikin wasiƙa, amma abin da aka cakuɗa raba shi sai da hannu.

Batun sifirin da ya ɓace kuwa, ga asalinsa. Excel an yi ta ne domin lissafi, a lissafi kuwa sifirin da ke gaban lamba ba shi da daraja, saboda haka da zarar an rubuta 0803 sai ta mai da shi 803. Lambar waya a Nijeriya guda goma sha ɗaya ce kuma da sifiri ta ke farawa. Wannan da sauƙi, mai karanta takarda zai gane. Amma a tuna lambar asusun banki guda goma ce tun da Babban Bankin Nijeriya ya daidaita tsarinta, kuma da yawa daga cikinsu da sifiri su ke farawa, waɗansu ma da biyu. In jerin biyan alawus ne, lambar da ta koma guda tara ko takwas banki ba zai karɓe ta ba, mai haƙƙi ya yi ta zarya yana zargin akanta da cin kuɗinsa alhali sifiri ne ya faɗi. Maganin shi ne, tun kafin a fara rubuta lambobin a zaɓi layin tsaye duka a sanar da Excel cewa rubutu ne ba adadi ba, ta wurin da aka rubuta Format Cells, a zaɓi Text. In an riga an rubuta sifirin ya faɗi, sauya tsarin ba zai dawo da shi ba, sai an sake bugawa. Wata hanya kuma ita ce a fara da waƙafin sama kafin lambar, kamar haka: '0803. Waƙafin ba zai fito ba, amma zai tsare sifirin. A 2023 kamfanin Microsoft ya ƙara wa sabuwar Excel wurin da za a hana ta cire sifirin da kanta, sai dai kwamfutocin ofisoshinmu da yawa tsofaffin manhajoji ne a kansu.

Wannan waƙafin sama da ya yi mana rana, shi ne kuma ke yi wa Hausa ta'adi. Tun da Excel ta ɗauke shi a matsayin alama ce gare ta, duk kalmar da ta fara da shi sai ta haɗiye shi. Ka rubuta 'Yar'adua ko 'Yan Awaki, a wasiƙa su fito ba waƙafin farko. Sai an buga shi sau biyu sa'an nan ɗaya ya tsira. Haka nan haruffanmu masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Alamar tambayar da akawun nan ya gani a tsakiyar sunan yarinya, mafi yawan lokaci daga wajen ajiye fayil ta ke zuwa. In an ajiye jeri da tsohon tsarin nan da a ke kira CSV, harafin da ba ya cikin na Turawa ya kan koma alamar tambaya, Ɗanladi ya zama ?anladi. A ajiye jerin da tsarin Excel na ainihi, in kuwa dole sai CSV, a zaɓi wanda aka rubuta UTF-8 a jikinsa. In kuma ɗan akwati ne ya fito maimakon harafin, to, samfurin rubutun da aka zaɓa ne ba shi da harafin, sai a sauya wani.

Kwanan wata ya fi waɗannan duka haɗari, domin shi ba ya nuna kansa. Mu a nan rana mu ke fara rubutawa, sa'an nan wata. Mutanen Amurka wata su ke farawa da shi. Sau da yawa in Word ta ɗauko kwanan wata daga Excel sai ta juya shi irin na Amurka, ko da kuwa a jadawalin daidai ya ke. A ce an gayyaci mutane ganawar ɗaukar aiki ranar 5 ga Yuni, aka rubuta 5/6. A wasiƙa sai ya fito 6/5, wanda ya karɓa ya karanta 6 ga Mayu, ya ɗauka ranar ta wuce, ya zauna gida, a rubuta masa bai zo ba. In ranar ta haura 12 ga wata kuskuren ya kan tona kansa, tun da babu wata na goma sha uku, amma daga 1 zuwa 12 sai dai Allah ya kiyaye. Masana suna gyara wannan da latsa Alt tare da F9, su ga asirin da ke bayan gurbin, su ƙara \@ "dd/MM/yyyy" a bayan sunansa, su kula MM ɗin manya ne, domin ƙananan minti su ke nufi. Ni dai shawarata ga akawu ita ce ya huta da wannan, ya rubuta ranar da kalmomi a cikin jerin, 5 ga Yuni, 2025. Excel ba ta jin Hausa, saboda haka za ta bar shi yadda ya ke, mai karɓa kuma ba zai yi shakka ba. In ranar ɗaya ce ga kowa, to, me ya kai ta cikin jeri tun farko? A rubuta ta a jikin wasiƙar.

Kuɗi da maki su ma haka. 150,000 ya kan fito 150000, matsakaicin makin yaro da ke nuna 67.3 a jadawali ya fito da wutsiyar lambobi har ƙarshen layi. A ƙara \# "#,##0.00" a bayan gurbin kuɗi, ko a datse makin tun a Excel. Akwai kuma wani hali na Word da ke ruɗa ko da gwanaye: ta kan leƙa layuka takwas na farko ne ta yanke hukuncin ko layin tsaye na adadi ne ko na rubutu. In lambobin rajista na farko zalla adadi ne, na ƙasa kuma suna da haruffa, na ƙasan za su iya fitowa sifiri. Nan ma mai da layin duka rubutu tun farko shi ne rigakafi.

Amma babbar musiba, wadda na ke roƙon ko wane shugaban makaranta da ko wane babban akawu ya karanta sau biyu, ita ce ta jera sunaye bisa abacada. Mutum ya zaɓi layin sunaye kaɗai ya ce a jera, sunaye su motsa, sauran bayanai su tsaya inda su ke. Nan take makin wannan ya koma na wancan, lambar asusun wance ta koma ta wane, kuma ba abin da zai nuna a fuska. Excel ta kan yi gargaɗi, ta tambaya ko a haɗa da sauran layukan, amma mai sauri ba ya karanta gargaɗi. In kuma akwai layin tsaye fanko a tsakiyar jadawalin, za ta jera ɓangare ɗaya ta bar ɗayan, ba tare da ta ce uffan ba. Saboda haka kafin a taɓa jeri a yi kwafinsa a ajiye gefe, a kuma ba ko wane mutum lambar jeri tun farko. Bayan an jera, a ɗauki mutum biyar da aka sani da ka, a duba ko bayanansu na tare da su.

Yanzu bari mu zo ga sunayen kansu. Taraba tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. Ga Mumuye, ga Jukun, ga Fulani, ga Tibi, ga Kuteb, ga Chamba, ga Mambila, ga Wurkun, ga Jenjo, ga Hausawa, da waɗansu da yawa, kuma Hausa ce ke haɗa mafi yawansu a kasuwa da tasha. Akawu ɗaya ba zai iya sanin ƙa'idar rubuta sunayen waɗannan duka ba. Abin da ya saba faruwa shi ne ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ko ya ja baƙon suna zuwa ga wanda ya sani. Ko a sunayen da kowa ya sani, Muhammad da Muhammadu da Mohammed a wurin mutane ɗaya ne, amma a wurin na'ura mutum uku ne. A zamanin da, wannan bai cika yin illa ba, domin mai biyan albashi ya san fuskar mai karɓa. Yanzu kuwa akwai lambar BVN ta banki da aka fara a 2014, ga lambar ɗan ƙasa ta NIN, ga takardun jarrabawa, kuma a kan nemi su dace harafi da harafi. Harafi ɗaya da ya kauce a takardar shaidar gama makaranta ko ta ɗaukar aiki ya kan bi mutum har ranar da zai nemi fansho. Sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, wani lokaci har da sanarwa a jarida. In kuwa daga Gembu ya ke, sai ya gangaro daga tsaunin Mambila, tafiyar sa'o'i masu yawa da kuɗin mota, domin gyaran abin da wani ya ɓata cikin ƙiftawar ido. Ni a ganina, duk ofishin da zai buga takardar da mutum zai riƙe muddin ransa, wajibi ne ya fara buga jerin kawai, ya manna a allon sanarwa, kowa ya zo ya duba sunansa ya sa hannu a gefe. Takarda biyar ko goma za ta ci, ba rim guda ba.

Sunayen garuruwa ma sai an daidaita su. Word tana iya tace jeri, ta fitar da wasiƙun mutanen gari ɗaya kawai. Amma in a wani layi an rubuta Mutum Biyu, a wani Mutumbiyu, a wani kuma da karan ɗori a tsakiya, to, waɗansu za su zube a hanya ba wanda ya sani. A zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kansa.

Akwai kuma abin da littattafan Turawa ba za su faɗa maka ba, domin su ba su da matsalar. A Turanci kalma ɗaya ce a ke fuskantar namiji da mace da ita. A Hausa kuwa ana gayyatarka ne ko ana gayyatarki, ɗanka ne ko 'yarki. In wasiƙar da Hausa ce, a ƙara layin tsaye a jeri a rubuta ka ko ki a gaban ko wane suna, a sa gurbinsa a jikin kalmar. Ko kuma a rubuta wasiƙar duka da jam'in girmamawa, ana gayyatarku, wanda ya fi sauƙi ya kuma fi ladabi. Laƙabi ma ya sami nasa layin: Alhaji, Hajiya, Malam, Malama, Fasto, Rabaran, Dokta. Kada a bar na'ura ta yi wa kowa kuɗin goro. Kuma akwai wasiƙun da ban yarda a yi musu haɗi ba ko kaɗan. Takardar da za ta je fadar Mai Martaba Sarkin Muri, ko ta Aku Uka na Wukari, ko Gara Donga, ko Kpanti Zing, ko wace da irin gaisuwarta, a zauna a rubuta ta ita kaɗai. Haka takardar ta'aziyya. Mutane suna gane wasiƙar da aka zuba sunansu a cikinta kamar an zuba gero a buhu.

To, ina za a sami taimako? Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya ma tana da ƙa'ida. Wanda ya je wurin masani ya ce abin ya ƙi kawai, ya ɓata lokacinsu su biyu. A tafi da fayil biyun tare, wasiƙa da jeri, cikin jaka ɗaya, domin in an raba su Word za ta yi ta neman jerin a inda ta san shi. A faɗi wace Word ce, a nuna abin da aka rubuta da abin da ya fito. In an buɗe wasiƙar ta yi tambaya da Turanci mai ban tsoro a kan ɗauko bayanai daga wani fayil, ba ƙwayar cuta ba ce, izinin ɗauko jerin ta ke nema, a amsa mata da na'am in dai kai ka haɗa su. Mafi kusa da za a tambaya a ofisoshi da makarantu da yawa su ne matasa masu hidimar ƙasa. Sai dai shekara ɗaya su ke yi su tafi, kuma abin da aka saba shi ne a bar musu aikin su yi, ranar da suka tafi ofis ya koma gidan jiya. Kada akawu ya ce a yi masa. Ya zauna a kan kujerar da kansa, hannunsa a kan maɓallan, matashin yana tsaye yana faɗa, shi kuma yana rubuta matakan da Hausa a littafinsa. Girma ba ya zubewa don wannan.

Shagon buga takardu kuwa, a yi hattara da abin da a ke kai masa. Jerin da ke ɗauke da sunayen mutane, da lambobin wayarsu, da na asusunsu, in an sa shi a kwamfutar shago ya kan kwana a can, kowa ya zo ya gani. Tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a wuyan wanda ya tattara su. In koyo za a je yi, a tafi da jerin ƙarya na mutum biyar, da sunayen da aka ƙaga, amma a sa musu irin matsalolin na gaske: lamba mai sifiri, suna mai ƙugiya, rana ta ƙasa da 12. In dole a can za a buga, a gama haɗin a ofis, a kai takardun da aka gama kawai, a tsaya a ga an goge su.

Haka nan batun sa hannu. Waɗansu shugabanni, don gudun gajiya, su kan sa a ɗauki hoton sa hannunsu a manna a jikin wasiƙar ta asali, ya fito a kan ko wace takarda. Duk wanda ya sami wannan fayil ya sami ofishin gaba ɗaya: ya ƙara suna ɗaya a ƙasan jeri, ga takardar ɗaukar aiki ta fito da tambari da sa hannu, ba ta da bambanci da ta gaske. Masu sayar da takardun aiki na jabu ba su neman abin da ya wuce wannan. Shugaba ya sa hannu da alƙalami, ko wace takarda ta ɗauki lambarta, a rubuta lambar a rajistar da ke kulle a durowa, a kuma ƙirga takardun da suka fito a gwada da adadin da aka amince da shi.

Ranar bugawa kada a tura wa firinta duka kai tsaye. A zaɓi Edit Individual Documents, wasiƙun su fito a sabon fayil, a ajiye shi kafin a ɗauke wuta. A duba ta farko, da ta ƙarshe, da ta wanda ya fi kowa tsawon suna, domin dogon suna ya kan tura layin sa hannu zuwa shafi na biyu. A buga guda uku a farar takarda a ɗora a kan mai tambari a ɗaga wa haske, a ga ko sun zauna daidai. Sa'an nan a riƙa bugawa hamsin hamsin, daga 1 zuwa 50, daga 51 zuwa 100, mutum ɗaya na karanta suna daga jerin da aka sa wa hannu, ɗaya na duba takarda.

Batun buga adireshi a kan ambulan da ƙananan takardun mannawa, wanda shi ma mai tambaya ya taɓo, yana da nasa tarkon, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.